Fayil ɗin lissafin farashi na masu ƙananan shaguna: inda aiki ya kwana

6 ga Mayu, 2025

Na fara haɗa wani fayil na Excel da mai ƙaramin shago zai zuba kuɗin da ya saro kaya da sauran ɗawainiyarsa, shi kuma ya fitar masa da farashin da in ya sayar ƙasa da shi to faɗuwa yake, ko da shagon cike yake da mutane. Zan riƙa rubuta inda aka tsaya a nan.

Shagon da na zaɓa na gwaji shi ne na sigarin lantarki, ba wai dan ina tallarsa ba, a'a, nikotin abu ne mai kama mutum kuma wanda bai fara ba gara kar ya fara. Dalilin kawai shi ne babu sana'ar da doka take shiga cikin farashinta ta ko ina kamar wannan, in fayil ɗin ya iya da ita to shagon takalmi ko na turare wasa ne. Ga kuma wani yayana da ke riƙe da irin wannan shago a Ingila, ya yarda zai riƙa gwadawa yana faɗa min inda ya cije.

Yau gida biyu kawai na gama. Na farko riba a kan kuɗin sari, na biyu riba a cikin kuɗin sayarwa, kuma mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Ka saro abu 100 ka sayar 150, ka ɗora kashi 50 a kan sari, gaskiya ne, amma cikin 150 ɗin da ta shigo aljihu 50 ce taka, wato kashi 33 da ɗoriya. Matsalar ita ce haya da albashi da kuɗin wuta duk daga abin da ya shigo ake cire su, to wanda yake lissafi da 50 a ransa alhali 33 ce a ƙasa, ƙarshen wata sai yaga kuɗi sun ɓace ya fara zargin yaron shago. Na sa gidajen biyu kusa da juna, in ka taɓa ɗaya ɗayan ya canza a gabanka.

9 ga Mayu

Shafin kuɗaɗen da ba ruwansu da ciniki: haya, albashi, inshora, wuta, intanet, kuɗin akanta. Ko an sayar ko ba a sayar ba sai an biya. A ce duka sun kama 3,000 a wata, ribarka kuma kashi 40 ce cikin abin da ya shigo, sai kayi cinikin 7,500 kafin ka fara cewa ka ci ko sisi. In ribar ta sauka zuwa kashi 30, cinikin da ake nema ya koma 10,000. Maki goma kacal, amma nauyin da ya ƙaru ɗaya bisa uku ne.

Na ƙara layi ɗaya na albashin mai shagon kansa. Yayana ya ce cire shi, "ai ni ba ma'aikaci bane ƙanina, abin da ya rage shi ne nawa." Nace Yaya in gobe ka kwanta ciwo wanda zai tsaya maka kyauta zai tsaya? Layin yana nan.

20 ga Mayu

Kwanakin nan karatun doka nayi ta yi, fayil ɗin bai motsa sosai ba. Yau ma shekara 9 cif da dokar Tarayyar Turai kan kayan taba ta fara aiki, 20 ga Mayun 2016, kuma Birtaniya ta ci gaba da riƙe ƙa'idojin bayan ta fice. Abin da ta ce a taƙaice: ƙarfin nikotin kar ya wuce miligram 20 a kowane ml, tankin na'ura kar ya wuce ml 2, kwalbar ruwan da ke da nikotin kar ta wuce ml 10, marfi ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba, a jikin kwali a buga gargaɗi. A Birtaniya sai an sanar da MHRA, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, kaya ya fito a jerinta kafin a sayar, kuma a Ingila da Wales ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba tun Oktoban 2015.

Abin da ya ja hankalina shi ne tun kafin mai shago ya ɗauki biro ya rubuta farashi, doka ta riga ta yanke masa girman abin da zai sayar. Wanda yake son ml 50 dole a bashi kwalba biyar, marfi biyar, takardar gargaɗi biyar, duk wannan roba da kwali wani ne zai biya kuma mun san waye. To su ma 'yan kasuwa ba barci suke ba, sai suka fito da dabara: kwalba mai cin ml 60 a zuba mata ruwa ml 50 wanda babu nikotin ko kaɗan, tunda babu nikotin dokar ml 10 bata hau kanta ba, sai a sayar maka da wata 'yar kwalba ml 10 mai ƙarfin 18 daban, kaje gida ka juye ka girgiza, ka samu ml 60 mai ƙarfin 3. Yayana ya nuna min ɗaya a bidiyo, ya ɗaga ta saitin fitila, ruwan ya tsaya a kafaɗar kwalbar an bar fili a sama da gangan. Kaya guda kenan da babu dalilin wanzuwarsa sai wani layi a cikin doka.

Saboda haka na raba kayan shagon gida uku a fayil: na'ura, koyil (ɗan ƙarfen da ke ɗumama ruwan ya zama tururi) da tanki na canji, sai ruwa. Ba riba ɗaya ake ɗora musu ba. Na'ura kowa zai iya duba farashinta a waya yana tsaye a gabanka, dan haka ribarta siririya ce, wani lokacin ma kusan a kuɗin sari ake bada ita. Cin yana wajen koyil da ruwa, su ne ake dawowa saye duk sati ko biyu, kamar dai injin firinta da tawadarsa. Fayil ɗin yanzu yana nuna ribar kowane gida daban sannan ya haɗa su gwargwadon yawan cinikin kowanne, dan shagon da rabin cinikinsa na'ura ne da wanda rabin cinikinsa ruwa ne, ko da kuɗin da ya shigo musu ɗaya ne, ba abu ɗaya suka kai gida ba.

23 ga Mayu

Haraji. A nan gizo ke saƙa, kuma nan zan daɗe.

Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗorawa bisa kaso na kuɗin kaya, akwai wanda ake ɗorawa bisa yawan ruwa ba ruwansa da tsada ko araha. Jihar Minnesota a Amurka kashi 95 cikin 100 na farashin sari take karɓa, Pennsylvania kashi 40. Jamus kuwa bisa ml take: ta fara da santi 16 a kowane ml ranar 1 ga Yulin 2022, ya koma 20 a 2024, 26 a 2025, 32 a 2026. Wato kwalbar ml 10 a Jamus a 2025 tana ɗauke da yuro 2.60 na wannan harajin kaɗai, kafin VAT ɗinsu na kashi 19 ya hau kai, dan VAT har a kan harajin ake lissafa shi.

Birtaniya nata an sa masa ranar farawa 1 ga Oktoban 2026. Ministan kuɗi na lokacin Jeremy Hunt ne ya fara sanar da shi a kasafin Maris 2024 mai hawa uku, fam 1 ko 2 ko 3 gwargwadon ƙarfin nikotin, da gwamnati ta canza, Rachel Reeves da ta gaje shi ta maida shi bai ɗaya a kasafin 30 ga Oktoban 2024: fam 2.20 a kowane ml 10, da nikotin ko babu. Da VAT na kashi 20 ya zama 2.64. To ka tuna kwalbar nan da aka ƙirƙiro dan kauce wa dokar ml 10? Ml 50 ɗinta zai ɗauki fam 11, da VAT 13.20, ga 'yar kwalbar nikotin ɗin ita ma da nata 2.64. Mai ml 100 kuwa fam 26.40. Shi kuma ɗan tankin ml 2 da manyan kamfanoni ke sayarwa a cike a kowane kanti, harajinsa fene 44 ne. Kaga doka ɗaya, adadi ɗaya, amma wanda ke sayar da manyan kwalabe, wato ƙaramin shagon da sana'arsa kenan, shi zai sha duka, mai ƙananan tankuna kuwa da ƙyar zai ji a jikinsa.

Sai tambayar da ta sa na ƙirƙiri sabon shafi: in haraji ya hau, ya za ka ɗora ribarka? Misali ne na ƙirƙira, a ce kwalba kana saro ta fam 1 kana sayarwa 2 kafin VAT, kwastoma yana biyan 2.40. Haraji ya zo, sari ya koma 3.20. In kace sai ka ci gaba da ninkawa kamar da, 6.40 kenan, da VAT 7.68, wallahi kwastoma zai juya. In kace fam ɗayanka ta riba kawai kake so, 4.20 kenan, da VAT 5.04, ya fi sauƙin haɗiya amma ribarka ta faɗo daga kashi 50 zuwa ƙasa da 24, kuma katan mai kwalba 100 da kake saye fam 100 yanzu sai ka fitar da 320 dan ka ci wannan 100 ɗin dai. Jari ya ninka sau uku da wani abu, riba tana inda take, in kuma an sace kwalba ɗaya ko ta fashe asarar ta ninka. Gaba kura baya sayaki. Fayil ɗin ba zai zaɓar maka ba, yana dai nuna hanyoyin biyu gefe da gefe da wani gida a tsakiya da za ka sa naka adadin.

Wani abu da Pennsylvania tayi a Oktoban 2016 ya sa na ƙara layi: ba sabon kaya kawai ta ɗora wa kashi 40 ɗin ba, har kayan da ke kan kanta da cikin sito sai da aka ƙirga aka biya musu. Mutum bai sayar ba an ce kawo. Shaguna da dama a jihar rufewa suka yi a lokacin. Dan haka akwai layin "kuɗin ko-ta-kwana na canjin doka" yanzu, ɗan kaso kaɗan da ake warewa daga kowane ciniki.

26 ga Mayu

Ƙananan gyare-gyare. Cire VAT daga farashin kanta: in abu fam 12 ne har da VAT na kashi 20, harajin 2 ne ba 2.40 ba, raba shida ake yi. Na sa fayil yayi da kansa dan a nan mutane ke rikicewa.

Kuɗin da masu na'urar kati ke yanka shi ma ya shiga. Kamfanonin karɓar kuɗi da yawa suna sa wannan sana'a cikin masu haɗari, wasu basa karɓarta sam, waɗanda suka karɓa kuma yankansu ya fi na shagon littattafai. Talla ma haka, Facebook da Google basa karɓar tallan sigarin lantarki, to babu zancen ka biya kuɗi a nuno ka, sai dai allon ƙofa da bakin kwastoma.

Na sa maɓallin da ke maida farashi ya ƙare da 99. Ni dai abin baya burge ni amma yana aiki a kan mutane, ba ni zan hana ba. Sharaɗi ɗaya: sama yake zagayawa, baya ƙasa.

29 ga Mayu

Saura kwana uku haramcin sigarin lantarki na zuƙa-ka-yar, wato wanda ake yarwa da zarar ya ƙare, ya fara a Birtaniya, yayana kuma yana da ragowar katan-katan. Tun Oktoban bara aka sanar da ranar, dan haka ba za a ce an yi musu ba-zata ba, amma sanin rana daban, iya auna yawan abin da za ka saro na watannin ƙarshe daban, ka saro kaɗan kwastoma ya tafi maƙwabta, ka saro da yawa ya kwana a hannunka. Shi da yawa ya saro.

Ya kira ni yana cewa zai karya farashi kashi 20 "ai kaɗan ne". Muka zuba a fayil. Abin da aka saro 100 ake sayarwa 150, in ka rage kashi 20 ya koma 120, riba ta sauka daga 50 zuwa 20, sai ka sayar da biyu da rabi kafin ka ci abin da ɗaya ke baka a da. A ranar da babu wata doka a gaba wannan ganganci ne. Amma yanzu lissafin ya juye, dan ranar Lahadi kayan nan darajarsu sifili ce, ƙasa da sifili ma tunda akwai batirin lithium a ciki ba a zuba su a shara, sai an kai inda ake sarrafa su. Kuɗin da ka saro su ya riga ya tafi, ko 60 aka baka ka karɓa ya fi babu. Nace masa Yaya manta da nawa ka saya, tambayar ita ce nawa za su baka kafin daren Asabar. Yayi shiru, can yace bari ya rubuta sabon kwali ya manna a gilashi.

Wannan ya sa na gina shafin kwantai yadda ya kamata. Ka saro guda 100 a kan 100 kowanne, 10 suka yi kwantai ko ranarsu ta wuce ko doka ta kashe su, to ainihin kuɗin sarin kowane ɗaya cikin 90 ɗin da suka fita 111 ne, ba 100 ba. Yawancin masu shago daga takardar dila suke ɗauko farashin sari su ɗora riba, kwantan kuma su kira shi ƙaddara. Ƙaddara ce, amma wadda take zuwa duk shekara ai sai a sa ta a lissafi. Ruwan nan ma yana da ranar lalacewa a jikin kwalba, ga shi ɗanɗano yayi ne, wanda ake rububi bana baɗi ba mai tambayarsa.

2 ga Yuni

Jiya Lahadi dokar ta fara aiki a duk faɗin Birtaniya. Na'urar da za a sayar yanzu sai ta zama ana cajinta, ana sake cika ta, kuma ana iya canza koyil ɗinta, in ta rasa ɗaya ta haramta, ko da babu nikotin a ciki. A Ingila tarar farko fam 200 ce, wanda ya ci gaba kuma abin zai iya kaiwa ga tara mara iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara 2. Beljiyam ta riga su tun 1 ga Janairu, Faransa ta bi a Fabrairu.

Ya turo min hoton kantar da safe. Gaskiya in ba an faɗa maka ba ba za ka ce an canza komai ba, launuka iri ɗaya, girma kusan ɗaya, sai ka juya gindin na'urar kaga 'yar ƙofar caji, ka ja saman ya fito a hannunka. Kamfanonin sun shirya tun tuni. Yawancin kayan nan daga birnin Shenzhen na Chaina suke fitowa, kuma abin mamaki ita Chaina ta hana sayar da masu ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin gidanta tun Oktoban 2022, na waje ne ake ci gaba da yi wa.

Ga mai shago dai lissafi ya canza ko da kanta bata canza ba. Da abu ɗaya yake sayarwa mai riba ɗaya. Yanzu na'ura sau ɗaya, tankin canji sau da yawa, to in ya sa na'urar da araha yana jiran riba daga tankuna, sai ya tabbata wajensa za a dawo saye, alhali babban kanti na kusa shi ma yana da su. In kuma tazarar farashin sabuwar na'ura da na tankin canji bata da yawa, mutane za su riƙa sayen sabuwa suna yar da tsohuwa kamar da, an gudu ba a tsira ba kenan ta fuskar shara. Na ƙara gidan da ke tambaya: cikin masu sayen na'ura, kashi nawa kake ganin za su dawo? Mai shago ne zai cika da abin da idonsa ya gani.

11 ga Yuni

Satin nan Amurka na duba, dan wani mai karatu ya tambaya ko fayil ɗin zai yi masa a can. Zai yi, amma sai ya cika harajin jiharsa da hannu, kowace jiha da nata, wasu ma babu.

Tasu dokar ta wani gefen ta kama. Tun 8 ga Agustan 2016 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta sa sigarin lantarki cikin kayan taba, kuma shagon da ke haɗa ruwansa da kansa a bayan kanta, wanda a lokacin nan ne ribar ƙananan shaguna take, an ɗauke shi a matsayin masana'anta. Ma'ana kowane ɗanɗano, kowane ƙarfi, sai an nema masa izini daban da hujjojin kimiyya, wa'adin miƙa takardu 9 ga Satumban 2020. An miƙa na kaya miliyoyi. Zuwa Yunin 2025, 34 aka amince da su, duka ɗanɗanon taba ko mentol, kuma na kamfani uku ne: Vuse na R.J. Reynolds, Logic na Japan Tobacco, da NJOY wanda Altria masu Marlboro suka saya a 2023. Wato duk wanda ya tsallake zuwa lokacin ɗan gidan manyan kamfanonin sigari ne. A Afrilun 2025 ma Kotun Ƙoli ta goyi bayan FDA baki ɗaya a ƙarar da wasu masu haɗa ruwa mai ɗanɗano suka kai.

Ƙari a kan haka shekarun saye sun koma 21 tun Disamban 2019, kuma tun Oktoban 2021 gidan waya baya kai wa mutane waɗannan kaya gida, FedEx da UPS su ma sun daina, to mai sayarwa ta intanet sai ya nemi ƙananan masu kai saƙo da sa hannun babba a ƙofa, wani kuɗin kenan.

Ra'ayina, kuma nawa ne: hana yara wannan abu wajibi ne, shagon da aka kama yana sayar wa ɗan makaranta a rufe shi ban damu ba. Amma akwai bambanci tsakanin dokar da kuɗin binta yake tafiya da yawan cinikinka da wadda kuɗinta ɗaya ne ko kai waye. Gwajin kimiyya na kaya ɗaya, kamfanin da zai sayar da guda miliyan ɗari zai raba kuɗin ya zama ba komai a kan kowane ɗaya, mai shago ɗaya kuwa in ya raba a kan 'yan kwalabensa babu farashin da zai ɗauke shi. A fayil na gwada, na zuba wani babban adadi a shafin kuɗaɗen da ba ruwansu da ciniki, gidan farashi ya fito da abin dariya. Ba sai an rubuta "mun hana ƙananan shaguna" ba, lissafin ya rubuta.

18 ga Yuni

Jiya New Zealand ita ma ta hana na zuƙa-ka-yar. Tsarinsu ya bani sha'awa dan sun raba masu sayarwa gida biyu: kantin gama-gari ɗanɗano uku kawai aka yarda masa, taba da na'a-na'a da mentol, sauran sai a shagon da aka yi wa rajista na musamman, wanda a ƙa'ida kashi 70 na cinikinsa daga waɗannan kaya yake, kuma ba a buɗe sabo cikin mita 300 daga makaranta. A nan doka ta ba ƙaramin shago wani abu da babban kanti bashi da shi, kuma wanda yake da abin da maƙwabcinsa bashi da shi yana da bakin ɗora riba. Ba kullum doka ke cin ƙaramin ɗan kasuwa ba kenan, ya danganta da yadda aka yanka ta.

Ostireliya kuwa tun 1 ga Yulin 2024 kantin magani kaɗai ke sayarwa, shagunan sana'ar an rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Indiya ta haramta tun 2019. Holan ta bar ɗanɗanon taba kaɗai daga farkon 2024. Irin wannan babu gidan da zan saka shi a Excel, abin da kawai zan iya shi ne gargaɗi a shafin haya: in sana'arka irin wadda majalisa za ta iya kashewa da zama ɗaya ce, kar ka sa hannu a hayar shekara goma ba tare da ƙofar fita ba, kuma kuɗin gyaran shago ka raba shi a kan shekaru kaɗan, ba masu yawa ba. Hakan yana ɗaga farashi ɗan kaɗan, eh.

Sai abokin gasar da baya cikin kowane littafi, mai kayan bayan fage. Shi baya biyan haraji, baya tambayar katin shaida, tankinsa ya ninka ml 2 sau da yawa. Yayana yace kwastoma ya taɓa ajiye masa irinta a kan kanta yace "wancan shagon rabin kuɗinka suke bani". Ba yadda za ayi mai bin doka ya sauko ya same shi, in ya gwada ma faɗuwa zai yi. Abin da na rubuta a gefen gidan farashin maƙwabta shi ne a saka na masu bin doka kawai.

25 ga Yuni

Na ba mutum biyu da ba ruwansu da sigarin lantarki su gwada, wata mai sayar da kayan kwalliya ta intanet da wani mai gyaran waya. Ita ta goge shafin haraji bisa ml ta maida shi kuɗin aike, ya zauna daidai. Shi kuma yace babu inda zai sa lokacinsa, dan abin da yake sayarwa rabi kaya ne rabi aikin hannu, gaskiyarsa, zan ƙara gidan awa da kuɗin awa.

Yayana ya cika nasa da cinikin makonni ukun farko bayan haramcin. Bazan faɗi adadinsa ba, amma gidan ruwa ne ke ɗauke da shagon, kuma shi ne gidan da harajin Oktoban 2026 zai fi dannewa, dan haka ya fara tunanin rage manyan kwalabe a sarinsa na baɗi tun yanzu. Akwai kuma ƙudirin dokar taba da sigarin lantarki da aka gabatar wa majalisarsu a Nuwamban 2024, wanda ya ƙunshi lasisin masu sayarwa da ikon taƙaita ɗanɗano da yadda ake jera kaya. Na bar layin lasisi a fayil babu adadi, ranar da aka sanar sai a cika.

Abin da ya rage: gidan awa, shafin da zai nuna wata nawa kaya ke yi a sito kafin ya fita, da sigar da za ta buɗu a waya ba tare da layuka sun hau kan juna ba, dan duka mutum ukun a waya suka buɗe shi. Na wayar zan fara, sati mai zuwa insha Allah.